Kafin a Sa Wuƙa

Ubana mahauci ne a Kara,
ni ko wayoyi nake kiwo a Mabera,
ɗaki ƙarami bayan asibitin Dakta Ige,
uwar garke na nishi cikin akwatin ƙarfe,
fanka guda, batir huɗu, da ni Junaidu,
sai zafin watan huɗu da ba ya jin lallashi.

Bara munka ɗauki yaro marar jiki,
ƙirƙirarriyar basira, ba ci, ba gyangyaɗi.
Ka rubuta masa, ya gama kafin shayinka ya huce.
Na danƙa masa mabuɗai duka, har na ƙuryar ɗaki,
don na gaji da tashin tsakar dare.

Ran wata Talata wuta ta tafi tun la'asar,
batir na ja da baya kamar Rima da rani.
Daga kan tabarma, ido rabi, na aika masa:
"Rage kaya. Kashe duk abin da ba ya aiki."
Kalma tara. Na juya, na ci gaba da barci.

Ya leƙa garken, ya iske wata manhaja,
kwana tamanin ba ta ce uffan ba,
ba ta aika saƙo ba, ba ta tada kowa ba.
Ya ce ga mushe na shan wuta a banza.
Ya sa wuƙa.

Ashe mai gadin firjin jini ce.
Aikinta shiru, muddin sanyi na nan,
kururuwa sai ran da ya gudu.
Ƙarfe biyu ya gudu.
Ba wanda ya ji.

Da asuba Nas Altine ta zo ɗaukar leda guda,
wata mai haihuwa ce daga Dundaye.
Ta taɓa ƙofar, ɗumi kamar goshin mai masassara.
Leda goma sha ɗaya anka zubar.
Miji da ƙane sunka miƙa dantse,
Allah Ya sa na ƙanen ya dace.
Ɗiyar da anka haifa tana rarrafe yanzu,
ni ko in na hangi Altine, sai in sake hanya.

Na tuhume shi. Bai yi gardama ba, bai yi rantsuwa ba:
"Kai ka ce wanda ba ya aiki."
Na nemi ƙarya a maganar, ban samu ba.

Na kai wa tsoho labari yana wasa wuƙa a dutse.
Bai ɗago ba.
"Shekara arba'in," in ji shi, "ban taɓa kada sa ba
sai mai shi ya nuna da yatsa, na ce wanga? ya ce wanga.
Kwantacce ba matacce ba ne.
Kai da ka ba baƙo wuƙa cikin duhu,
wa kake nema da laifi?"

Na dawo na karɓe mabuɗai, na bar masa biyu.
Na shafa jan fenti a bayan waɗanda ba a taɓawa:
firji, iskar numfashi, kiran ungozoma.
Sauran, in zai kashe, sai ya kira suna,
ya faɗi me take tsaro, wa zai yi kuka in ta faɗi,
ya jira ni. Ko minti talatin ne, ya jira.
Sabon umarni kuwa, a garken wasa yake gwada shi,
inda jini ba ya tsami.
Kowane yanka a rubuce, da hanyar tayarwa kusa da shi.
Mai gadin ma na sa mata mai gadi:
duk awa ta yi tari, mu san tana raye.

Jiya da dare waya ta yi ƙara a ƙarƙashin filo.
"Batir ya yi ƙasa. In kashe na'urar buga rasit?"
Na tashi zaune, na wanke ido da ruwan randa,
na karanta sau biyu.
Na ce, wanga.