Ranar da Na Sayar da Wayata a Jega

Injin ban-ruwa ya yi tari sau uku, ya yi shiru.
Albasa na tsaye a fadama, ganye ya fara sunkuyawa.
Bakanike ya ce dubu arba'in da biyar.
Na leƙa aljihu, na leƙa rumbu,
sannan na dubi abin da ke tafin hannuna.

Da dare Zayyanu, ɗan ƙanena, ya zauna bakin tabarma
yana kwashe ni daga cikinta:
hotunan sunan Luba, lissafin bashin taki,
lambar dillalin da ke kai buhuna Kudu,
da muryar Inna, daƙiƙa talatin da ɗaya,
tana faɗa wai na cika yawon dare.
Bara ta rasu. Faɗan yana nan.

"Baffa, mai sayar da riga
sai ya fara zazzage aljihu.
Cire layi, cire memori,
fita daga imel, fita daga manhajar banki."
Ya danna, ta wanke kanta tas,
ta farka tana yi mini maraba kamar baƙo.

Aliero zuwa Jega a bayan babur,
kwali cikin leda, rasit cikin kwali.

Na farko, turarensa ya riga shi sallama.
Farar shadda, agogo mai walƙiya.
Na ce saba'in, ya ce ya saya.
Ko tayi babu.
Ni da na tsufa a cinikin albasa
ban taɓa ganin mai niyyar biya
da bai yi kukan tsada ba.

Ya ce mu zaga bayan tasha, nan akwai hayaniya.
Na ce hayaniyar nake so.
Ya latsa, ya juyo mini fuskar tasa: an tura.
Ƙaramar wayar matata, inda na sa layina, ta yi ƙara,
saƙo ya shigo da sifili jere kamar ƙwai.
Ya miƙo hannu.
Na ce dakata, mu taka wurin mai cirar kuɗi.

Yarinyar ta duba asusuna:
dubu biyu da ɗari uku,
yadda na bar su jiya, ba su haihu ba.
Ya ce sabis ne.
Na ce to mu jira sabis ɗin tare, ga benci.
Ya ce bari ya kama ruwa.
Har yau yana can yana kamawa.

Wani ya ce in ba shi ya nuna wa yayansa a lungu.
Na ce yayan ya fito, ai yana da ƙafa.

Bayan la'asar Malama Hassatu ta zo,
ma'aikaciyar asibiti, takalminta ya ci hanya.
Ta ce hamsin, ta ce ko hakan ta yi ƙoƙari.
Ta gwada kyamara, ta gwada sifika,
ta gwama lambar jikin waya da ta kwali.
Na ce batirin ba ya kai isha'i,
kuma ga tsaga nan a kusurwa.
Ta ce ina rasit?
Sai na gane ita ma tsorona take ji.

Muka rubuta takarda a shagon Nafi'u mai gyara,
sunana, sunanta, shaidu biyu.
Hamsin da takwas.
Na ƙirga, na tofa yawu a yatsa, na sake ƙirgawa.

Jibi injin ya tashi.
Ruwa ya bi kwalbati yana neman saiwa.

Memorin yana cikin wayar matata yanzu.
Wani daren, in na dawo a makare,
nakan kunna, in zauna a zaure,
Inna ta yi mini faɗa,
in ce to, na ji.