Sirdin Mutum Biyu

Dala dubu uku da ɗari biyu,
su ke nan a gwangwanin madara, bayan tukwane.
Wata goma sha bakwai ina ɗaga kwalaye
a wani sito a nan Greensboro
kafin su taru.

Ni ba ƙaramin mutum ba ne.
Likita ya faɗa da awon ƙasar nan,
na mayar da shi kilo a mota: ɗari da ashirin da bakwai.
Barira kuwa, Allah ya san nata.
Ban tambaya ba, ina son zaman lafiya.

Babur na farko ja ne, sai ɗaukar ido,
siriri kamar ɗan marayan zakara.
Na hau, ya yi nishi.
Ta hau, ya durƙusa kamar raƙumi ya ga zango.
Yaron da ke sayarwa ya kau da kai
yana tarin da ba na mura ba.

Na biyu mai gudu ne, an ce iska ma tana binsa a baya.
Mazaunin fasinja bai kai faifai ba.
Barira ta zagaya shi sau ɗaya, ta ce,
"Nan zan zauna,
ko nan zan aza jakata?"

A hanyar gida na tuna Maraɗi,
ɗan kabu-kabu da mutum uku da rago,
da buhun gero a kan tanki, yana fito.
Amma can layi biyu ne an sauka.
Nan titi ba ya ƙarewa,
manyan motoci suna wuce ka da gurnani,
kuma ƙugu ba na aro ba ne.

Sai ran Asabar, a bayan gari,
wani dattijo, Vernon, tumbinsa ƙanin nawa.
Bai tambayi launin da nake so ba.
Ya ce, "Ku biyu, nawa?"
Shiru ya yi tsawo.
Barira ta yagi gefen rasit, ta rubuta,
ta ninke sau huɗu,
ta miƙa masa ta bayan kafaɗata.

Ya haɗa lissafi a zuci, ya janye wani tsohon bargo.
Baƙi ne, shekararsa goma sha shida,
tankin da ɗan tabo, salansa ta dafe,
amma sirdinsa shimfiɗa ce,
da majingina a baya,
da inji mai magana ƙasa-ƙasa irin ta manya.
Ya nuna mini lambar kaya a jikin ƙarfe.
"Da ku, da takalmanku, saura kilo tara."

Ya ɗauko sifana ya ɗaure sifirin na baya,
ƙas, ƙas, ƙas, har biyar.
Ya ƙara wa taya iska.
Ya ce mai nauyi tun daga nesa yake fara birki,
kamar mai bashi da sallama.

An ce araha ba ta ado.
To, ba ado na fito nema ba.
Dubu biyu da ɗari tara muka shirya,
canjin ya tafi a hular kwano biyu,
tata sai da ta sake ɗaurin kallabi kafin ta shiga.

Muka kama hanyar tafki da la'asar.
Rami ya zo, na ɗauke numfashi,
babur ya haɗiye shi bai ce komai ba.
Hannunta da ya damƙe rigata
ya sassauta kaɗan-kaɗan,
har na ji tana dariya cikin kwano.

Da muka tsaya ta ce,
"Buhun shinkafarmu kilo goma ne.
Ɗayanmu zai rage tuwon dare."
Na ce, wa?
Ta dube ni daga sama har ƙasa.

Takardar nan kuwa tana aljihun Vernon.
Na koma sau biyu canjin mai,
dattijon bai taɓa ci mata amana ba.