Matakala Ɗari da Sittin

A Valparaíso ba a tafiya a miƙe,
ko dai kana hawa, ko kana gangara.
Shekara goma sha tara ina saɓa tukunyar gas,
ina kaɗa ta da guntun ƙarfe
don na kan tudu su san na shigo gari.

Ran Talata Nélida ta dafa wake da kabewa.
Na ɗaga riga, na murɗa alƙalamin insulin,
ƙas, ƙas, har takwas,
daidai da kwanon da ke tururi a gabana,
na soka a gefen ciki, nesa da inda fata ta yi tauri.

Cokali biyu na kai baki, waya ta yi ƙara.
Doña Herminia ce, can ƙolin Cerro Cordillera,
wuta ta ɗauke mata a tsakiyar girki.
Nélida ta ce, "Eleuterio, ka cinye tukuna."
Na ce yanzu zan dawo.
Allura kuwa ba ta san "yanzu zan dawo" ba,
ta shiga jini, ta kama aikinta da wuri.

Matakala ɗari da sittin ne zuwa ƙofarta.
Na san kowacce, har tsagaggiyar da kare mai ido ɗaya ke kwana a kai.
A ta arba'in gumi ya keto mini, mai sanyi,
alhali iskar teku na kaɗawa.
A ta saba'in hannuna ya ɗauki rawa,
ƙarfen kiɗan ya suɓuce, yana tsalle yana gangara,
ina kallonsa kamar ba nawa ba.
Gidajen kwano, shuɗi da rawaya, suka narke cikin juna,
jiragen da ke tasha suka koma bibbiyu a jeri.

Na zauna. Ko kuwa ƙafafuna ne suka zaunar da ni.
Samari biyu suka raɓa ta gefena,
ɗaya ya ce, "Rana tsaka har ya bugu."
Na so in ce ban sha komai ba,
harshe ya yi nauyi kamar tukunyar da ke bayana.
Haushi ya turnuƙe ni, na zagi bango,
kalma ɗaya nake lalube, ta ƙi zuwa: sukari.

Ita ce ta gangaro, da sanda, da silifas ɗin ɗaki,
shekara tamanin da ɗaya,
don ta ji kiɗa ya yanke a tsakiya.
Ta dubi goshina, ta taɓa wuyan rigata jiƙe sharkaf.
"Kana iya haɗiya?"
Na gyaɗa kai.
Ta ƙwala wa jikanta kira: ruwa rabin kofi, cokali uku, da sauri!

Na'urar aljihuna ta ce hamsin da biyu.
Da na shanye na yunƙura, ta danne kafaɗata da sanda:
"Minti goma sha biyar. Miya ta iya jira."
Muka zauna, ni da ita da tukunya.
Ta ce Anselmo ɗinta, shekara talatin yana allura,
shi in nasa ya faɗi waƙa yake kamawa, ba ya zagi.
Na sake huda yatsa: tamanin da tara.
Ta miƙo burodi da cuku daga aljihun rigar girki:
"Na farko tashinka kawai ya yi.
Wannan ne zai kai ka gida, ci ka nemi ƙari."

Ran Juma'a na kai littafina wurin nas Ximena.
Ta bi lambobin da yatsa, ta tsaya a kan Talata.
Ta ce ranar hawa da ranar hutu ba awonsu ɗaya ba,
alewa uku a aljihu kullum, sannan mu sake tsari.

Nélida dai ba ta ce uffan ba daren nan.
Ta ɗumama waken, ta zauna tana fuskantata
har na suɗe kwanon,
wayata a ƙarƙashin tafinta, tana ta ruri.