Agogon Ƙirjin Sallau

Shekara talatin yana faci a bakin titin Farin Gada,
ya nutsa tub a baho, ya jira kumfa ta tona asirin huji.
Ranar da likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa ga haske
ta ce babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ta kumbura,
ƙofar bakinta kuma ba ta rufuwa, jini na komawa baya,
dariya ya yi har tari ya sarƙe shi:
"Ai na san wannan. Taya ce ta yi ƙulu,
bawul ya saki. A yi mata faci mu tafi."

Dakta Nanret ba ta taya shi dariyar ba.
Ta ce faci ba ya riƙe irin wannan,
yankewa za a yi, a ɗinka sabon bututu haɗe da ƙofarsa.
Ta ce cikin ɗari da ake kwantarwa, mafi yawa suna tashi.
Na ce, sauran fa?
Ta gyara zaman biro a aljihunta.
Ta ce, "Mijinki ya fi ni sani,
taya mai ƙulu ba ta sallama ranar da za ta fashe."

Injin iska ya tafi. Filin Rikkos ya bi shi.
Tumakina uku, har da mai ciki.

Awa tara a kan benci.
Ƙanƙara na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Wata mata daga Bukuru ta ɓare dafaffen dankali ta miƙo min rabi,
carbinta da gicciye, nawa babu,
yatsunmu dai aiki ɗaya suke yi.
Ɗanta malamin lissafi ne, jiya aka yi masa irin na Sallau.

Ya farka bai san ni ba,
ya kira ni da sunan uwarsa.
Ƙodarsa ta yi fushi kwana uku kafin ta huce.
Rana ta huɗu ya tambayi wa ya kulle shago.
Rana ta biyar aka naɗe katifar gadon da ke kusa da taga,
matar Bukuru ta ɗaure kwanukanta a zane
ta wuce ni, ba ta ɗago ba.
Ga sauran da na tambaya.

Yanzu ƙwaya ɗaya kullum bayan magariba, ba fashi.
Kowane wata a ɗebi jini a auna kaurinsa.
Zogale da awo, aski da lallami,
ko ƙaya ce ta soke shi sai mun zuba wa wurin ido.
Ba ya ɗaga ƙarfen cire taya.
Yana zaune a kan tsohon rim yana yi wa Ɗanliti faɗa:
"Saurara tukuna! Iska ba ta fita a ɓoye."

Da dare, in sanyin Jos ya rufe bakin unguwa,
ina jin sa ta cikin bargo biyu:
ƙyas, ƙyas, ƙyas,
ƙarfe yana buɗewa, yana rufewa.
Jikarmu ta ce Kaka ya haɗiye agogo.
Shi ya ce ƙarar na hana shi barci.
Ni sai na ji ta nake iya runtsawa,
in na ƙirga ɗari
in ƙara ɗaya don malamin lissafi.