Tukunyar Baba Garga

Tun da likita ya raba shi da nama,
Baba Garga ya ƙwace murhu daga hannunmu.
Shekara talatin da ɗaya yana jan tirela,
yanzu ludayi ne sitiyarinsa.

Ran Litinin wake ne mai faɗi,
ya kwana a ruwa, ya wuni a wuta,
a dame shi da man riɗi da lemon tsami.
"Haka wata 'yar Sudan ta ba ni a Abeshe,
ran da tayata ta fashe, aljihu wayam."

Ran Laraba adas da kurkum da tafarnuwa.
Wani Ba'indiye mai kanti a Njamena ya koya masa,
ba Hausa, ba Faransanci,
sai nuni da yatsa da gyaɗa kai.

Koki kuwa, na matan Duwala,
har yau bai iya ƙulla shi ba.
Kullum sai ya yoye a tukunya,
kullum laifin ganyen ayabar Garwa ne.

Goggo Asta na tsaki daga tabarma:
"Miya ba ƙashi, ai hira ce ba dariya."
Amma ita ke fara miƙo kwano.

Yau hadari ya haɗo ta kan Binuwai.
Na ce, Baba, duk yawon nan, wanne ya fi daɗi?
Bai tanka ba, ya ɗaga murfi:
tafasa da gyaɗa, irin ta innarsa.
Ya ɗanɗana, ya ƙara daddawa,
ya ce har yanzu da saura.