Kuɗin da Ba Sa Ƙara

Shekara talatin ina zaune a Tudun Hatsi,
tiya a hannuna, sikeli a gefena,
ina sanin nauyin wake tun yana kan mota.
Sai ga ɗana Gidado, wai haƙar kuɗi yake yi.
Na duba tafinsa: ba kanta, ba ƙasa a farce,
babban yatsa kaɗai ke saran gilashi
kamar kaza ta samu tsaba a faranti.

Na ce, ina ramin?
Ya ce, Baffa, ai ramin a sama yake.
To, ni dai tun da uwata ta haife ni
ban ga rijiyar da aka haƙa a gajimare ba.

Kada ku zaci banki nake yabo.
Ran Laraba na sayar wa mutumin Kumo buhu tara,
ya nuna min wayarsa, an cire masa.
Tawa kuwa shiru, ko tari ba ta yi ba.
Kwana huɗu kuɗin nan suna tafe
daga aljihunsa zuwa nawa, taku biyu.
Da jaki aka ɗora wa, da ya je Bajoga ya dawo.
Na tafi reshe, aka ba ni lamba, aka nuna min benci,
mai murmushin bayan gilashi ta ce sabis ne ya ɗauke.
Amma ran da za su yanki nasu,
hamsin a nan, goma a can,
sabis bai taɓa kwanciya zazzaɓi ba.

Takardar ma da nake ɗaurewa da roba,
bara ta ɗauki buhu, bana ta gaji a rabi.
Ɓarawo bai shigo ba, gara ba ta ci ba,
tana kwance cikin akwati take ramewa.

Kakata Adda Jebbu da wuri ta sayar da nono.
Da aka kawo takarda ta ce ba ta karɓar ganye,
yaya za a yi dukiyar da akuya za ta iya taunewa?
Mun sha dariyar labarin muna yara.
Yau ni ne Adda, ni ake wa dariya.

Shi ya sa ban rantse cewa ƙarya ba ne.
Kuɗi yarda ce, wuri ko takarda ko haske.
Tambayata guda ce, ba ta da tsawo:
ran da ta ɓaci, ƙofar wa zan buga?

Ilimin da na sara wa shi ne buhun nan
mai leda biyu a ciki, a matse, a ɗaure baki,
ƙwaro ya nemi numfashi ya rasa,
wake ya kai damina ba huda, ba guba.
Ban san sunan wanda ya ƙago shi ba,
amma yana cikin addu'ata ta asuba.

Watan jiya kwabon Gidado ya rikito,
abin da ya kira dubu ɗari ya koma kuɗin kati.
Kwana biyu tuwo na hucewa a gabansa.
Ban ce masa na faɗa maka ba.
Ni ma na taɓa ɓoye masara ina jiran tsada,
ta karye a kaina, na sayar da saniya.

Littafin bashi na miƙa masa,
wanda mai ya jiƙa, ɓera ya ci gefensa.
Ya zuba shi cikin wayar, suna bayan suna,
sai ga dubu sha bakwai a wuyan Malam Manga
da ni da shi duk mun manta.
Manga ya biya yana sosa ƙeya.

Yanzu tare muke zama a rumfa,
shi yana latsawa, ni ina awo.
Wani lokaci nakan kama shi yana leƙen ramin sama,
sai in ɗebi wake, in girgiza tiya kusa da kunnensa,
in ce, ka ji?
Wannan dai yana ƙara.