Cigiya a Ɗakin Na'urori

Ƙarfe biyun dare, Jos ta ja bargo har kunne,
ni kaɗai a ɗakin na'urorin asibiti,
shayi ya huce, fankoki na ta gurnani.
Aikin darena ƙidayar rumbuna ne,
ba na gero ba, ba na acca ba,
rumbunan ƙarfe masu haɗiye hoton ƙirji
da nauyin jariri da ranar da aka sallami mai jego.

Daga kujerata ba a hango ko ɗaya.
Sai in yi sallama ta cikin waya, kamar baƙo a zaure:
"Wa ke ciki? Kowa ya faɗi sunansa."
Su kuwa su amsa bi da bi.

Baba Choji ne ya raɗa musu suna,
ba rago, ba goro, ba wanzami.
Jikan mahaƙa kuza ne, ya ce rumbu da rami 'yan uwa ne,
abin da ƙasa ta riƙe, sunan ƙasa ya dace da shi.
Dilimi ya amsa. Bukuru ya amsa.
Gangare ya yi nawa kamar kullum, sannan ya amsa.
Takwas na gada a takarda,
takwas nake jira in rufe littafi.

Sai na tara ya ce: Garos.

Na murza ido, na sake sallama.
Garos.
Ba ta cikin littafi, ba ta cikin kasafi,
lambarta tsohuwa, irin wadda aka daina rabawa
tun ina koyon murɗa kan kebul.
Jiya ƙanƙara ta fasa kwanon tsohon gini,
masu gyara suka haɗa wayar da ta shekara a yanke,
ashe akwai mai jiran a yi mata sallama.

Na ɗauki tocila na bi sawun kebul,
ta bayan ɗakin magani, ta kan silin da ya yi ciki,
har ƙarƙashin matakala,
bayan kekunan guragu da suka rasa ƙafa.
Ga ta, ba ta fi burodin ɗari biyar ba,
gizo-gizo ya yi mata tasa yanar,
koren idonta na ƙiftawa.

Ban so in buɗe ba. Na buɗe.
Babu takardar kowa a ciki, murya ce ɗaya tak,
mace na koya wa wani dafa gwate:
"Kada ka yi saurin zuba yakuwa, Choji,
kai komai sai ka yi gaggawa."
Sai dariya, sai tari, tari mai tsawo,
sai ƙarar gadon ƙarfe na ɗakin mata.
Kwana arba'in da ɗaya, murya arba'in da ɗaya,
ta ƙarshe numfashi ne kawai da rediyon maƙwabciya.

Da safe Injiniya Sambo ya zo da takarda mai hatimi:
daga yau ba Dilimi, ba Bukuru,
harafi uku da lamba huɗu, kowa a jere.
Na ce suna linzami ne, ranka ya daɗe.
Ya ce shi ya sa, linzami ɗaya muke so.
Na sauya takwas kafin azahar,
Gangare ma bai yi gardama ba.

Ta tara ba ta cikin takardarsa,
ni kuma ba a tambaye ni ba.

Da yamma na kira Baba a Kuru,
ina jin awaki da rigimar jikoki a bayansa.
Na ce, "Baba, jiya Garos ta amsa."
Shiru, har na duba ko kuɗina ne suka ƙare.
Ya ce, "Shekara shida ina kira, ni ba ta amsa mini.
To, yau in ka yi sallama,
ka ce har yanzu ina saurin zuba yakuwar."